Akwatin Ghali da Muryoyin Tsohuwar Ɗinya

Sabuwar Ɗinya, gefen Tiga,
Ƙaramar Hukumar Bebeji.

Ƙanena Fahad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya mutanen Doguwa? Inna tana gaishe ka, ta ce tun ranar sadakar bakwai ba ta ƙara ganin ƙeyarka ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Gwadabe direba alhali ina da waya. Na kira ka na kashe, domin da na buɗe baki kuka ke riga magana fitowa, ga kunnen Inna kullum a bakin ƙofa. Ba na son ta sani tukuna.

Fahad, shafin intanet na Malam Ghali ya ɓace.

Ka san wanda nake nufi, shafin Tsohuwar Ɗinya, garin kakanninsu da ruwan dam ya cinye. Shekara da shekaru yana bin tsofaffi gida-gida da 'yar na'urarsa, daga nan har Kiru da Burumburum, yana ɗaukar muryoyinsu: gidan wa ke jikin na wa, ina rijiya take, ina maƙabarta, yaya aka yi ranar tashi. Yawancinsu yanzu sun rasu. Tun da na shiga takaba, kullum bayan la'asar sai na buɗe na saurara. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ba don tsofaffin nake yi ba. Shi nake jira ya ce, "To Baba, daga nan sai me?" ya yi 'yar dariyar nan tasa.

Shekaranjiya na buɗe, sai na ga farin fili da rubutun Turanci, wai an dakatar da wannan asusu. Na kashe wayar na kunna. Na sa sabuwar data. Na roƙi maƙwabciyata ta gwada a tata, duk ɗaya. Sai na ji kamar ranar da aka zo mini da labarin hatsarin Malam.

Ni a tunanina abin da aka sa a intanet ya zauna ke nan har abada. To ina ya tafi? Sata aka yi? Ko wani ne ya ji mai shi ya rasu ya share? Kai ka yi karatun kwamfuta, ka faɗa mini gaskiya. Kada ka lallashe ni kamar yarinya, ni na goya ka.

Allah ya tsare mini kai.

Yayarka,
Badiyya.

*

Doguwa.

Yaya Badiyya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ya ƙarin haƙuri, ya nauyin jiki? Allah ya jiƙan Yaya Ghali, ya sauke ki lafiya.

Kin ce kada in lallashe ki, to ba zan yi ba. Amma ki fara riƙe wannan: ba a sace ba, kuma har yau ba a share ba.

Bari in bayyana miki yadda abin yake. Babu wani shafi da ke shawagi a iska. Kowane shafin intanet yana zaune ne a cikin wata kwamfuta, a wani ɗaki, a wani gari. Babbar kwamfuta ce da ba a kashe ta dare da rana, ana ce mata saba. Kamfanoni ne ke da irinta, suna ba mutane hayar wuri a ciki, kamar yadda ake kama rumfa a kasuwar Tudun Wada. Wannan hayar ita ake kira hostin. Sunan shafin kuma, wanda kike rubutawa a saman waya, shi ne domen, aikinsa kawai ya nuna wa wayarki hanyar rumfar. Duk sanda kika danna, wayarki ce ke zuwa can ta ce a ba ta muryar Baba wane, a miƙo mata, ki ji. Ba a cikin wayarki muryar take ba, aro ake ba ki.

Hayar shekara-shekara ce. Ta Yaya Ghali ta ƙare, kamfanin ya yi ta aika masa saƙo, babu mai amsawa. Sai suka ja ƙofa suka sa kwaɗo. Farin filin da kika gani shi ne kwaɗon. Kayan suna ciki. Amma na rubuta musu, sun ce ƙa'idarsu in wannan watan na Turawa ya mutu ba a sabunta ba, za su kwashe komai su ba wani wurin. Kwashewar kwamfuta kuwa ba a tara kaya a gefe, gogewa ake yi.

Maganar biya ba ita ce matsala ba, wannan ki bar mini. Matsalar ita ce shiga. Ba sa buɗe wa kowa sai mai asusun. Na danna wurin waɗanda suka manta kalmar sirri, suka ce sun aika wata lamba zuwa layinsa na aiki. Sai an karanto mini wannan lambar sannan zan iya shiga. Na gaya musu ya rasu. Suka yi ta'aziyya, suka ce to a kawo takardar kotu ta magada, ke kuwa kin san wannan ba aikin sati ɗaya ko biyu ba ne.

Saboda haka tambaya biyu. Ina wayarsa ta aiki, baƙar nan mai fasasshen gilashi? Kuma akwai inda ya ajiye kwafin muryoyin, ko memori ko filash? Duk mai shafi ana so ya riƙe kwafi na biyu a hannunsa. Na san yana da shi a kwamfutarsa, amma ni na je wurin hatsarin a dajin Falgore, na ga abin da ya rage na jakar. Ba sai na faɗa miki ba.

Ki duba a hankali, kada ki ɗaga abu mai nauyi.

Ƙanenki,
Fahad.

*

Sabuwar Ɗinya.

Fahad,

Salama da gaisuwa. Na karanta takardarka har na kusa haddace ta, kuma ban ji daɗinta ba ko sau ɗaya. Ashe duk abin nan haya muke yi ban sani ba.

Kwafi babu. Memori ɗaya gare shi. In ya dawo daga ɗaukar murya sai ya juye a kwamfuta, ya ɗora a shafi, ya goge memorin don tafiya ta gaba. Na zazzage ɗakin nan har ƙarƙashin katifa, Inna na tambayata ko kunama na gani.

Wayar kuwa tana nan, ya manta ta a caji ranar da ya fita. Sai dai ba ta hannuna. Bayan sadakar bakwai Baffansu na Burumburum, ƙanen mahaifinsa, ya tattara duk abin da Malam ya mallaka, daga takardun gona har agogo da hula, ya zuba a babban akwatin ƙarfe gaban shaidu, ya sa kwaɗo, ya tafi da shi. Ya ce ba za a raba gado ba sai na sauka, domin in namiji ne rabo daban, in mace ce daban. Ba wanda ya yi musu, haka shari'a ta ce. Ni da hannuna na miƙa wayar.

Ungozoma ta ce sai watan gobe, in Allah ya kai mu. Ka ga ke nan za a goge kafin a buɗe akwati.

Fahad, akwai abin da ban gaya maka ba. A cikin shafin akwai ranar da tsofaffi suka kai shi bakin ruwa, suka nuna masa daidai inda masallacin tsohon gari yake a ƙasa. Kakansa ne ladanin garin. Suka ce ya yi kiran salla a wurin ko don kakan, ya yi. Wannan shi na fi saurare. Abin da ke cikina bai taɓa ganin ubansa ba, ba zai gan shi ba. Na sa rai ko muryarsa zai ji. Yanzu in na rufe ido ina ƙoƙarin tuno yadda yake jan "hayya alal falah", sai in ji ta fara kuɓuce mini. Wallahi tsoro nake ji. Ina tsoron ranar da za a tambaye ni yaya muryarsa take in rasa abin cewa.

Ni ba ni da halin fita. Ka rubuta wa Baffa, kai namiji ne, wataƙila ya saurare ka. Ka tausasa harshe, ka san halinsa.

Yayarka,
Badiyya.

*

Burumburum,
Ƙaramar Hukumar Tudun Wada.

Zuwa ga ɗana Fahad,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Bayan haka, takardarka ta iso, na karanta da kaina, ban ba kowa ya karanta mini ba.

Na fahimci kana so in buɗe akwatin marigayi Ghali in ba ka wayarsa. Amsata ita ce a'a.

Yaro, abin da ke cikin akwatin nan ba nawa ba ne, ba na Badiyya ba ne, ba na kowa ba ne tukuna. Akwai mai rabo a ciki da bai iso duniya ba, ba shi da bakin da zai ce ya yarda. Dukiyar maraya wuta ce. Na kusa kabari, ba zan ɗauki garwashi in sa a aljihu don wani kamfani da ban san garinsu ba ya ce yana sauri. Na sa kwaɗon gaban Malam Shitu liman da Sha'aibu mai unguwa. In na buɗe yau don waya, gobe wani ya ce agogo, jibi a ce takardar gona. Na ga gidajen da suka watse a kan abin da bai kai wannan ba.

Sannan maganar da ka yi ban gamsu da ita ba. Ghali ya nuna mini abin nan a wayar mutum uku daban-daban, har da wani ɗanmu da ke Legas ya ce yana ji. Abin da ke wayar kowa, yaya za a ce yana ɗaki ɗaya? Kuma wane irin mai haya ne zai ji mutum ya rasu ya ƙone masa kaya? Ina ganin barazana ce irin ta 'yan kasuwa. Ka ce musu su yi haƙuri, matarsa ta kusa sauka, ranar suna za a buɗe akwati a ba kowa haƙƙinsa.

Ka gaida yayarka, ka ce ta yawaita addu'a ta rage waya.

Allah ya yi maka albarka.

Baffanku,
Ubale Ɗinya.

*

Sabuwar Ɗinya.

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa ina gaishe da Baffa, da fatan an tashi lafiya, ya iyali, ya ƙarin haƙurinmu? Baffa ya gafarce ni da na rubuto da kaina. Na san bai dace suruka ta tari surukinta da magana ba, tsoro ne ya cire mini kunya.

Fahad ya aiko mini da amsar Baffa. Ban ga laifin ko kalma ɗaya ba. Amanar da Baffa ya riƙe ta ɗana ce ko 'yata, ni ce ta farko da ya kamata ta gode.

Abu ɗaya nake so in tuna wa Baffa, kuma daga bakin Baffa na ji shi. A cikin shafin akwai hirar da Malam ya yi da Baffa a ƙofar gida. Baffa ya ce da ma'aikata suka zo suka kafa turaku suka ce ruwa zai kawo har nan, dattawa dariya suka yi. Suka ce wane irin ruwa ne zai hau tudun masallaci, kuma wace gwamnati ce za ta bar ruwa ya ci maƙabarta? Baffa ya ce shi ya sa mahaifinku bai kwashe allunansa da littattafansa da wuri ba, yana cewa barazana ce. Baffa ya ce da idonsa ya ga rumbu yana yawo a kan ruwa.

Baffa, turakun ne aka sake kafawa. Kwamfutar ba ta san an yi mutuwa ba, ba ta san takaba ba, ranar kawai take jira. Abin da ake ji a Legas da nan duk daga wuri guda ake ɗebo shi, kamar yadda gari guda ke shan rijiya guda. A ciki akwai muryar Iya Kulsumu, yayar Baffa, tana lissafa gidajen unguwarku. Akwai mahaifin Malam. Akwai shi kansa. Wannan ma gadon marayan ne, kuma shi kaɗai ne ba ya cikin akwati.

Ba na roƙon a ba ni wayar, ko a ba Fahad. Kada ta bar hannun Baffa. A buɗe gaban shaidun da aka rufe, a kunna, lamba ta shigo a karanta, a kashe a mayar. Sai dai tana da zanen da ake buɗe ta da shi, ni kaɗai na sani, ni kuwa ba ni da halin fita.

Watan ya kusa mutuwa. Abin da Baffa ya yanke shi ke nan, ba zan ƙara magana ba.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

'Yarka,
Badiyya.

*

Burumburum.

Zuwa ga ɗana Fahad,

Aminci ya tabbata a gare ka. Bayan haka, na rubuto ne domin wayar Sha'aibu ta yanke muna tsakiyar magana jiya, kuma har yanzu ban san abin da ake ciki ba. Ban runtsa ba.

Ga yadda aka yi, don ka sani ban ci amana ba. Na kai wa Malam Shitu takardar yayarka. Ya karanta, ya ce tsare dukiyar maraya daga halaka shi ma wajibi ne a kan mai riƙo. Sai muka ɗora akwatin a bayan motar Gwadabe da kwaɗonsa, ni da liman da mai unguwa, har Sabuwar Ɗinya. A zaure na buɗe. Wayar ta mutu murus, muka jona ta a solar gidan, na zauna a gabanta ina gadi. Da ta kawo haske hoton Ghali ya fito yana dariya. Na kusa sakin ta.

Badiyya ta zo bayan labule ta miƙo hannu. Ina riƙe da wayar ta yi zanen, sai a na biyu ta buɗe. Sannan ta ce layin nan ba ya kama sabis a cikin gari sai an hau gaɓar dam, kuma in aka bar fuskar wayar ta yi duhu za ta sake kullewa. Haka na hau bayan babur, ni da shekaruna, ina ta dangwala wa gilashi babban yatsa kamar mai lallashin jariri, liman da mai unguwa na biye. Mutanen gari suka fito suna kallo, na san sun ce Ubale ya taɓu.

Tun da aka tashe mu ban taɓa hawa wurin nan ba. In zan wuce nakan kawar da kai. Jiya na tsaya, ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, wani masunci na jefa koma daidai inda nake zaton ƙofar gidanmu ce.

Sauran ka sani. Saƙonni suka yi ta shigowa, na mutanen da ba su ji rasuwar ba, wani na cewa Ghali ka kira ni. Lambar farko na tsaya neman tabarau, ka ce ta lalace. Ta biyu na karanta maka, ina kan ta ƙarshe wayar Sha'aibu ta ɗauke. Kafin mu sami wata, ta Ghali ma ta mutu a hannuna. Na mayar da ita akwati gaban shaidu, na rufe.

Yaro, ka ji lambar ƙarshen ko ba ka ji ba? Bakwai ce. Gobe watan zai mutu. In ba ka ji ba, ka faɗa wa Gwadabe da baki, zan sake ɗaukar akwatin. In kuwa jinkirina ne ya jawo, to ruwa ya ci garin nan sau biyu ina tsaye ina kallo, kuma ban san da wane ido zan dubi yaron da za a haifa ba.

Ina jiran amsa.

Baffanku,
Ubale Ɗinya.

*

Sabuwar Ɗinya.

Fahad,

Salama. A kwance nake rubutu, ka yi haƙuri da karkacewar layi.

Na sauka ranar Alhamis da hantsi, namiji, lafiya lau. Alhamdu lillahi da ka ji lambar ƙarshen ka sabunta hayar. Filash guda biyun da ka juye muryoyin a ciki ka aiko sun iso. Ɗaya na ƙarƙashin matashina. Ɗayan Baffa ya karɓa ya sa a akwati, ya ce shi ma gado ne. Ya ce in gaya maka ka rubuta masa ranar sabunta hayar da manyan baƙaƙe, zai liƙa a bangon ɗakinsa, wai bai yarda da ƙwaƙwalwar yaran zamani ba.

Shi aka miƙa wa yaron ya yi masa kiran salla a kunne. Ya yi. Da ya gama bai mayar da shi ba. Ya ce da Inna, "Karɓo wayar uwarsa. A sa masa na ubansa."

Na buɗe shafin, ya buɗu. Baffa ya kara wayar a kunnen yaron na dama. Ana jin ruwa na bugun gaɓa, sannan Malam ya ɗaga murya. Yaron yana ta kuka, sai ya yi tsit.

Ashe ban manta yadda yake jan ta ba.

Ka zo suna.

Yayarka,
Badiyya.